An Yi, Ana Yi, Za a Yi, Wai an Yi

'Yan'uwa ma'aikatan Dakoro, da mai karanta labarai a gidan rediyon gari, da malamin lakwal a Kornaka, da ma'aikaciyar asibiti a Birnin Lalle, da dillalin kasuwar dabbobi, da direban da ke kwana a hanya da shanu zuwa kudu. Maganata da ku yau a kan abin da yawancinmu muka baro a bencin kwaleji ne, muna murnar mun rabu da shi: aikatau na Ingilishi, da yadda 'yan jarida ke juya shi. Kada wani ya ce wannan zancen 'yan makaranta ne. Zancen kuɗinku ne, da mutuncin aikinku, wani lokaci ma har da zaman lafiyar ƙauyukanmu.

Ku tuna da farkon shekarar 2024. Iyakarmu da Najeriya tana rufe tun bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023. Ranar 24 ga Fabrairu ƙungiyar CEDEAO ta zauna a Abuja ta ɗage takunkumi. Ranar 13 ga Maris Shugaba Tinubu na Najeriya ya ba da umarnin buɗe iyakar ta ɓangarensu. Nijar kuwa ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai 22 ga Maris. Kusan wata guda ke nan tsakanin labarin farko da na ƙarshe, kuma kowanne da aikatau ɗinsa a Ingilishi: “lifts” na ɗage takunkumi, “orders” na ba da umarni, “reopens” na buɗewa. A bakin mutane duk sun zama abu ɗaya: an buɗe boda. Duk wanda ya ɗauki na farko a matsayin na ƙarshe ya yi lodi, to a bakin Ɗan Isa zai tsaya yana sayen harawa da ruwa, dabbobi na ramewa, riba na narkewa. Jaridar ba ta yi ƙarya ba. Mai kawo labarin ne ya tsallake kalma ɗaya, kuma ita ce ke ɗauke da nauyin zancen.

Wani zai ce, mu da muka yi karatu da Faransanci, ina ruwanmu da Ingilishi? Ruwanmu da shi ya fi na mutanen Yamai. Dakoro tana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, amma kasuwarta kudu take kallo. Shanun Kwarin Tarka da na wajen Bermo da Gadabeji, ta Jibiya da Kano suke bi har Legas. Waken da aka nome a gonakinmu, a Dawanau ake jin farashinsa. In naira ta faɗi, a aljihunmu muke ji. Sanarwar Babban Bankin Najeriya, da ta kwastan ɗinsu, da hukuncin kotunansu, dukansu da Ingilishi suke fitowa kafin wani ya mayar da su Hausa. Rahotannin ƙungiyoyin agaji a kan damina da farashin hatsi, da yawansu haka. Ga kuma abin da ya faru a gida: kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Wanda ya riƙe Hausa da kyau, ya san Faransanci, ya ƙara da Ingilishin da zai karanta labari daidai, shi ne ma'aikacin da za a nema gobe. Biyu daga cikin ukun suna hannunku tuni.

Bari in gaya muku abin da ba a gaya mana ba a aji: harshen da kuka tashi da shi ya fi Ingilishi juya aikatau. Ku ɗauki “saya”. Alhaji ya sayi sa. Ya saye garken duka. Ya sayo gero daga Sabon Mashi. Ya sayar da rago. Kaya sun sayu. Kalma ɗaya ce, amma ƙarshenta ya nuna ko an kwashe duka, ko an kawo nan, ko an rabu da abin, ko cinikin ya yiwu. Wani masanin harshe na Landan, F. W. Parsons, sai da ya zauna ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai a 1960 kafin ɗalibansa su kama kan zaren. Ku kuwa kuna yi kuna tauna goro. Yaron da bai shiga makaranta ba ya san inda zai ce “sun zo” da inda zai ce “sunka zo”, abin da baƙon da ya shekara yana koyon Hausa ke tuntuɓe a kai. Waɗanda suka yi lakwal kuma sun haddace shafi bayan shafi na juye-juyen aikatau na Faransanci, kowane lokaci da wutsiyoyinsa.

To ku ji na Ingilishi. Aikatau mai bin ƙa'ida siffa huɗu gare shi kacal: “close, closes, closed, closing”. Marasa bin ƙa'ida ba su wuce biyar: “go, goes, went, gone, going”. Guda ɗaya ne ya kai takwas, wato “be”. Marasa bin ƙa'idar da ake amfani da su kimanin 200 ne, waɗanda ke yawo a jarida kullum kuwa ba su kai haka ba. Bambancin da ke ruɗa mu shi ne wurin da lokaci yake zama. Bahaushe yana sa lokaci a gaban aikatau: ya tafi, yana tafiya, zai tafi, yakan tafi. Ingilishi yana sa shi a wutsiyar aikatau, da kuma cikin 'yan ƙananan kalmomi masu taimaka masa: “has, had, is, was, will, to”. Idonmu ya saba kama manyan kalmomi, sunan ƙasa, sunan shugaba, adadin kuɗi, sai ya tsallake ƙananan. Dillalin kirki ba ya sayen sa don girman tozo ko kyan ƙaho, sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora ya san shekarunsa. Haka za ku yi wa labari: ku buɗe bakinsa ku duba aikatau.

Mu fara da kanun labarai, domin su ne ke yawo a salula, kuma su aka fi karantawa a gurguje. Kanun labaran Ingilishi suna da nahawunsu na musamman, saboda ƙarancin fili. A ce ka ga “Government bans maize export”. Siffar ta lokacin yanzu ce, amma ma'anarta an riga an yi: gwamnati ta hana fitar da masara. A ce kuma ka ga “Government to ban maize export”. Haruffa biyu aka ƙara, “to”, labarin ya koma gaba: za ta hana, ba ta hana ba tukuna. Mai buhuna a sito yana da sauran kwanaki na shawara. In ka ga “Government considering ban”, wutsiyar “-ing” ta ce ana cikin yi: ana tattaunawa, ba a yanke ba. In kuwa “Government may ban” ne, to mai yiwuwa ne kawai, wataƙila a yi, wataƙila a fasa. Jumla huɗu, manyan kalmominsu iri ɗaya, amma ta farko ta ce ka sauke kaya, ta biyu ta ce ka yi sauri, ta uku ta ce ka sa kunne, ta huɗu ta ce kada ka karyar da farashi don tsoro.

Akwai siffa ta biyar da nake roƙon ma'aikatan rediyo su riƙe ta da hannu biyu. A kanun labari, aikatau mai wutsiyar “-ed” yawanci yana nufin an yi wa mutum abu ne, ba shi ya yi ba. “Trader arrested” na nufin an kama ɗan kasuwa. “Herder killed in farm dispute” na nufin an kashe makiyayi a rikicin gona. Da makiyayin ne ya yi kisan, da “Herder kills” za a rubuta. Cikakkiyar jumlar ita ce “was killed”, editan ne ya cire “was” don fili. Ku dubi inda muke zaune: iyakar noma da kiwo, inda burtali ke ratsa gonaki, inda kowace kaka ake zama a sasanta manomi da makiyayi. Mai fassarar da ya juya wanda aka kashe ya zama mai kisa, ya faɗa a iska, ya kunna wutar da sarakuna da jandarmomi za su kwana suna kashewa. Hausa ta sauƙaƙa muku wannan, domin muna da “an”: an kama, an kashe, an sallama. Duk inda kuka ga “-ed” a kanun labari ba tare da abin da aka yi wa aikin a bayansa ba, ku fara gwada “an”.

In kun shiga cikin labarin kansa, tarkon farko na 'yan Faransanci ne. “Has closed” ya yi kama da “a fermé”, sai mutum ya ɗauka aikinsu ɗaya. A Faransanci kana cewa “a fermé hier” lafiya lau. A Ingilishi “has closed yesterday” kuskure ne. In an ambaci rana, ana cewa “closed” ne kurum. “Has closed” ana ajiye shi ga abin da ya faru kuma tasirinsa na nan yanzu. Ku tuna da canjin naira. Ranar 26 ga Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin 31 ga Janairu na 2023. Aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, daga baya aka cire wa'adin baki ɗaya. A irin wannan rububi, mai tsofaffin kuɗi a akwati yana buƙatar sanin wace sanarwa ce ke raye. “The bank has extended the deadline” na gaya masa an ƙara lokaci kuma ƙarin na nan. “The bank had set a deadline” na gaya masa wancan tsohon zance ne, wani abu ya biyo bayansa. Harafi ɗaya ne tsakanin “has” da “had”, amma ɗaya labarin yau ne, ɗaya tarihin da aka kawo don a fahimci na yau.

Sai babban al'amari, wato “wai”. Bahaushe na da wannan kalma mai daraja, wadda ke cire mai magana daga alhakin abin da bai gani ba. Ɗan jaridar Faransanci na yin haka da siffar aikatau: “aurait détourné”, wai ya karkatar da kuɗi. Ingilishi ba ya sa “wai” a wutsiyar aikatau. Kalmomi daban yake sakawa: “reportedly, allegedly, alleged, suspected, claims”. Ƙanana ne, suna ɓuya a tsakiyar jumla, kuma su ne na farko da ke faɗuwa in ana fassara da gaggawa. “The alleged thief” wanda ake zargi da sata ne, kotu ba ta ce ɓarawo ne ba. In ka ce “ɓarawon” a rediyo, ka yanke hukuncin da alƙali bai yanke ba, ka ɓata sunan gida guda, kuma kai za a tuhuma. Addininmu ya riga ya umarce mu da bincike kafin yaɗa labari. Wannan 'yar kalma ita ce hanyar cika umarnin a bakin aiki.

Akwai kuma “would”. Wanda ya saba da Faransanci yakan gan shi ya ɗauka jita-jita ce. A labari yawanci “will” ne da aka mayar baya saboda ana ruwaito maganar wani. “The minister said the road would open in June” na nufin minista ya ce za a buɗe hanya a watan Yuni. Alkawari ne, kuma a bakin minista yake. In za ka karanta wa jama'a, kada ka yar da “minista ya ce”. Dubi layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. An sha ambaton lokacin kammala shi, kuma kowane karo da irin waɗannan siffofi: “will be completed”, “is expected to”, “is set to”. Duka ukun gaba suke kallo, babu wanda ya ce an gama. Ɗan jaridar da ya san haka zai ce “hukuma na sa ran”, ya bar sa ran a wuyan mai shi. Jama'a za su ci gaba da amincewa da muryarsa ko da alkawarin ya jinkirta.

Ku da aikinku ya kai ga rubuta rahoto da Ingilishi, ko ga ƙungiyar agaji, ko ga gidan jarida na waje, kada ku nemi manyan kalmomi. Labarin Ingilishi mai kyau jumlarsa gajera ce: wa ya yi, me ya yi, ina, yaushe. Faransanci na son suna a kanun labari, “Fermeture de la frontière”, Ingilishi na son aikatau da wuri. Nan ma Hausa ta fi kusa da shi, domin mu ma “an rufe iyaka” muke cewa. Ku yi tunanin jumlar da Hausa, sannan ku zuba ta a Ingilishi, za ta fi miƙewa a kan wadda ta biyo ta Faransanci. “Said” ya wadatar wajen ruwaito magana, ko sau goma ne a shafi ɗaya. In kun sa “claimed” kun nuna shakka, in kun sa “admitted” kun nuna akwai laifi, don haka kada ku sa su don ado. Ku lura da “-s” na mutum ɗaya: “the price rises”, “prices rise”. Ku zaɓi lokaci ɗaya ku tsaya a kansa har ƙarshen sakin layi. Wanda ya kiyaye waɗannan, rahotonsa zai fi na mai ƙamus a hammata karantuwa.

Wannan aiki yana da magabata. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na editanta. A wannan shekarar ce Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, labaransa na isowa da Ingilishi, su kuwa suna mayar da su Hausar da ake karanta wa jama'a a zaure. A 1957 BBC ta buɗe sashen Hausa, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979. A nan gida, Studio Kalangou ta fara aiki a Yamai a 2016, tana ba da labarai da Faransanci da harsunanmu, ana kama su ta gidajen rediyon garuruwa. Yawancin mutanen da suka riƙe waɗannan ayyuka da nonon Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Buzanci suka tashi. Ba wanda aka haifa da “has” da “had” a baki. Zama suka yi suka koya, na farkonsu ma ba su da salula, ba su da intanet. Ku kuna da duka biyun a aljihu.

Ga hanya, kuma ba ta cin ko dala. Kowace rana ku ɗauki kan labari ɗaya na Ingilishi, ɗaya tak. Ku nemo aikatau ku ja masa layi. Ku yi masa tambaya huɗu: an yi ne, ana yi ne, za a yi ne, ko wai an yi ne? Sannan ku ƙara ta biyar: wa ya yi, wa aka yi wa? Jaridar Daily Trust da Aminiya gida ɗaya ne ke fitar da su, sau da yawa labari ɗaya na fitowa a duka biyun. Ku karanta na Ingilishi, ku fassara da kanku, sannan ku duba na Hausa ku ga inda kuka dace da inda kuka kauce. Ku sayi ƙaramin littafi ku raba shafi uku don marasa bin ƙa'ida da kuka ci karo da su: “rise, rose, risen”, “fall, fell, fallen”, “sell, sold, sold”. Waɗanda suka shafi sana'arku su za ku fara tarawa, sauran su jira. Manhajar fassara ta salula tana taimako, amma a kanun labarai takan yi tuntuɓe, domin an cire kalmomin da take dogaro da su. Ku sa ta aiki, ku kuma duba bayanta.

Kada ku yi shi ku kaɗai. Kowace unguwa da fadarta, kowace fada da butar shayinta. Tsakanin kofi na farko da na biyu, mutum ɗaya ya karanto kan labari, sauran su yi gardama a kan aikatau. In an rasa mafita, ga ɗanku ko ƙanwarku da ke kwaleji, tun ajin farko ake koya musu Ingilishi. Ku kira su ku tambaya. Gemu ba ya hana ilimi, kuma yaron da ya ga mahaifinsa na tambayarsa darasi zai koma aji da wani sabon ƙarfi. Hajiya mai sayar da atamfa, ke da kike lissafin sefa da naira a ka ba tare da alƙalami ba, siffa huɗu ba za su gagare ki ba. Malam direba, kai da ka san kowane shinge daga nan har Kano, “to” da “has” ba su kai wannan wuya ba.

Za a yi muku dariya in kun karkata lafazi. Ku bar su su yi. Ba a ce ku yi magana kamar mutumin Landan ba, an ce ku gane labari daidai ku isar da shi daidai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, gaskiya ne, kuma maganinsa ƙarin sani ne. Ba kuma don mu raina harshenmu muke wannan ba. Muna yi ne don labarin duniya ya iso Ajekoriya da Azagor da Hausa mai tsabta, da lokacinsa daidai, da “wai” ɗinsa a inda ya kamata. Gobe da safe wani saƙo zai shigo salularku da kan labari na Ingilishi da muryar wani na fassara shi cikin zumuɗi. Kafin ku tura wa kowa, ku buɗe rubutun da kanku, ku nemo aikatau, ku tantance lokacinsa. In ya yi daidai ku tura. In bai yi ba ku gyara, ku faɗi dalili, ko da mai saƙon ya girme ku, cikin ladabi. Garin da ke da mutum goma masu yin haka, jita-jita ba ta kwana a cikinsa. Ku zama cikin goman nan. Allah ya yi wa aikinku albarka, ya ƙara basira.